Manhajar Ta Shiga Kulle

Tudun Wada, Zariya.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman afuwa game da shirun da na yi maka tun bayan Babbar Sallah. Saƙonka ya iso, wanda ka tambaya a ciki ko manhajar nan ta lissafin kuɗin makaranta tana raye ko kuwa na yi mata jana'iza a ɓoye, kuma da gangan na ƙi amsawa, domin ban so in zo maka da baki kawai ba. To, yau kwana uku ke nan da ta hau Snap Store, wato shagon intanet da ake sauke manhajoji, kuma kai ne mutum na biyu da na gaya wa bayan uwargida, wadda ta ce alhamdu lillahi, ko yanzu za a riƙa cin tuwon dare da zafinsa.

Ka san yadda nake raba ta a da. Filas a aljihu, in hau keke zuwa Samaru, in dawo Sabon Gari, in shiga Birni ta Ƙofar Doka, kowace makaranta in zauna in girka da hannuna, kuma ko harafi ɗaya na gyara sai na sake wannan zagayen. Tunda duk kwamfutocin nan tsarin Ubuntu ne a kansu maimakon Windows, albarkacin daren da ni da kai muka kwana muna sa musu, sai na ga hanya mafi kusa ita ce wannan shagon na kamfanin Canonical, masu Ubuntu ɗin. Na san za ka ce ai da na bi shawararka na koma Windows da tuni na huta. Can ma sai an ƙunshe kaya, galibi a tsarin MSIX, an kuma jira masu bita, wajen Apple kuwa dala 99 ake biya duk shekara, saboda haka ka ajiye wannan dariyar tukuna.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, sai ga shi ya ci mini mako biyar. Komai yana cikin fayil guda mai suna snapcraft.yaml, inda za ka rubuta sunan manhaja, da tubalin da za a ɗora ta a kai, da duk abin da take bukata kafin ta tashi. Ni core22 na zaɓa, wanda aka gina a kan Ubuntu 22.04. Tun a wurin suna aka fara taka mini birki, domin sunan rajista ba ya karɓar komai sai ƙananan haruffan boko na Turanci da lambobi da karan ɗori, ga shi sunan da na raɗa mata da ƙ mai lanƙwasa ya fara. Haka na haƙura na yi rajista da k maras lanƙwasa, na mayar da lanƙwasar a sunan da masu saukewa ke gani. Taƙaitaccen bayaninta kuma ba zai wuce haruffa 78 ba, kai kuwa ka san ni da dogon zance.

Babban abin da ya tona mini asiri shi ne kullen. Idan aka ƙunshe manhaja a wannan tsari, ana matse ta ne cikin dunƙule guda wanda ake iya karantawa amma ba a iya rubutu a cikinsa, sannan a killace ta, ba ta leƙa ko'ina a kwamfutar sai ta ƙofar da aka ba ta izini. Ni kuwa shekara uku ke nan manhajata tana ajiye rajistar ɗalibai a gefen kanta, a babban fayil ɗin da take zaune, ban taɓa ganin aibin hakan ba tunda a kwamfutata babu mai hana ta. Ranar da na fara gwada ƙunshin, ta buɗe lafiya lau, na shigar da sunan ɗalibi na gwaji da naira dubu biyar, na danna ajiye, sai kawai ta ɓace daga allon kamar an hure fitila. Na yi kwana biyu ina zargin kowa ban da kaina. Da na gano, sai na tarar akwai wuraren ajiya biyu da aka tanadar mata: ɗaya ana kwafe shi duk lokacin da sabon zubi ya zo, ɗayan kuma na dindindin ne ga kowane zubi. Na biyun na zaɓa, domin idan wata makaranta ta koma tsohon zubi saboda matsala, ba na so kuɗin da iyaye suka biya jiya su ɓace daga littafi, a wayi gari ana rantse-rantse a ofishin hedimasta.

Bayan wannan sai maganar filas. Kowane magatakarda a makarantun nan a filas yake kwafe rajistarsa ranar Alhamis, amma manhajar da ke kulle ba ta ganin filas ko da an soka shi. Akwai ƙofar da ake kira removable-media, sai dai ko ka roƙe ta a fayil ɗinka ba ta buɗewa da kanta, sai mai kwamfutar ya buɗe da hannunsa, ko kuma ka rubuta wa masu bita hujjarka su amince ta riƙa buɗewa kai tsaye. Da farko raina ya raya mini in nemi a cire kullen gaba ɗaya, tunda akwai wannan tsarin, amma shi ma sai mutum ya duba ya yarda, kuma da na yi tunani sai na ga ba ni da hujja. Manhajar da ke riƙe da sunayen 'ya'yan mutane gara a ce tana da iyaka.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne data. Abin da na rubuta da hannuna bai taka kara ya karya ba, amma da aka haɗa shi da kayan gina manhaja irin su Python da Qt da sauran tarkacen da yake jingina da su, sai ƙunshin ya haura megabait ɗari. Kuma tsarin yana leƙa shago sau huɗu a rana don neman sabon zubi, in ya samu ya sauke ba tare da sallama ba. A wurinku wannan alheri ne, amma ka tuna Malam na Samaru da wayarsa yake ba kwamfutar ofis intanet, kuma ka san abin da zai faɗa mini a gaban jama'a idan datar wata ta ƙare a yini ɗaya. Akwai saitin da ke dakatar da saukewa idan layin na awo ne, akwai kuma hanyar da zan sauke ƙunshin sau ɗaya tare da takardar shaidarsa in kai musu su girka ba intanet. Wato bayan mako biyar na wahala, ga ni zan sake sa filas a aljihu in nufi Kwangila. Yi dariyarka a nan, na ba ka izini.

Shagon yana da matakai huɗu na sakin kaya, daga ɗanye sharaf har zuwa wanda ya nuna. Tawa tana mataki na uku, wanda suke kira candidate, kuma ba zan tura ta na ƙarshe ba sai wani wanda ba ni ba ya murɗe ta. Don haka ina roƙonka ka nemo tsohuwar kwamfutar nan da ka ce ka ba yara, ka sauke, ka shigar da sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ, ka fitar da rasit a firinta, ka gaya mini ko haruffan sun fito ko kuwa akwatuna ka gani. Ka kuma zare filas ana tsakiyar kwafi, ka kashe kwamfutar ba shiri kamar yadda wuta ke yi mana a nan, domin wannan gwajin tsoronsa nake ji da hannuna. Zangon karatu zai fara nan da mako uku, ina so kafin nan in san matsayina.

Malam yana gaishe ka, ya ce har yanzu cajarsa tana wurinka. Ka gaida Hajiya da yaran.

Wassalam,
Amininka na Tudun Wada.