Godiya ga garejin da ya auna kafin ya canza

Assalamu alaikum. Zuwa ga mai garejin lantarkin mota da ke kan Titin Zariya a Kano, da yaransa baki ɗaya.

Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne saboda irin aikin da aka yi mini a wurinku ya yi ƙaranci a garin nan. Motata Honda Accord ce ƙirar 2008, 'yar Amurka da aka shigo da ita ta Kwatano. Tun damina wutar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa, alhali mota na tafiya lafiya lau, ba ta cijewa, ba ta ƙara shan mai ba. Wani bakanike ya ce famfon mai ne, aka saya aka canza, wuta na nan daram. Wani ya jona kwamfutar duba mota, ya goge lambar matsalar da ta nuna, ya karɓi kuɗinsa, kafin in isa gida ta dawo. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya ce in kawo ya rufe fitilar da baƙin salatif, wai ai duk motocin Amurka haka suke. Ta yaya mutum zai ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Kaduna da motar da aka toshe wa baki? Ranar da babban ciwo ya zo, wa zai gaya masa?

Matashin da ya karɓe ni a wurinku bai yi gaggawar cewa komai ba. Da kwamfuta ta nuna lambar matsala P0453, sai ya jawo mini benci ya ce, "Alhaji, zauna in nuna maka." Ya bayyana mini cewa motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka ba sa sakin tururin fetur a iska. Akwai wani gwangwani mai gawayi kusa da tanki da ke tare shi, daga baya injin ya zuƙe tururin ya ƙona shi. A jikin gwangwanin akwai ƙaramar sensa mai waya uku da ke auna matsin tururin, ita ce kwamfutar motar ke kuka da ita.

Duk da haka bai ce in je in sayo ba. Ya buɗe murfin tanki don matsin ya sauka, ya ce lafiyayyiyar sensa a wannan mota za ta nuna kusan bolt 2.5. Tawa ta tsaya can sama kusa da 5, ko motsi. Ya shiga ƙarƙashin mota da mitarsa ta auna wuta, ya tabbatar wutar bolt 5 na isowa, wayar ƙasa kalau, wayar saƙo ba ta tsinke ba, soket bai yi tsatsa ba, ƙaramin tiyon da ke jikin sensar bai toshe ba. Sai da ya gama duk wannan ya ce sensar ce ta mutu. Aka sa wata, karatu ya dawo daidai a gabana, ya kuma miƙo mini tsohuwar a leda.

Har ya ja kunnena kan al'adar nan ta gidajen mai, a riƙa girgiza mota ana ɗura har wuya. Ya ce ɗanyen fetur kan gangara cikin gawayin ya lalata shi, da bakin famfo ya tsaya da kansa a bar shi haka.

Abin da ke damuna shi ne yanzu kowane lungu akwai mai riƙe da kwamfutar duba mota, amma kaɗan ne suka san lambar tana nuna inda za a bincika ne kawai. Sai a yi ta sa talaka sayen kaya a wannan tsadar, idan bai yi ba a ce masa kayan ne jabu, ba mai mayar masa da ko sisi. Masu koyar da yara a garejoji ya kamata su fara ɗora musu mita a hannu.

Maigida, ka riƙe yaron nan da kyau. Allah ya ƙara kasuwa, ya yi masa albarka.