A Rage Yawan Motoci Kafin A Yi Maganar Sauya Musu Inji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin masu karatu da masu riƙe da madafun iko kan illar da sufuri yake yi wa muhalli da lafiyar jama'a, da kuma wata fahimta da nake ganin tana neman karkatar da mu daga ainihin maganin matsalar, wato cewa motoci masu amfani da lantarki sun isa su magance ta.

Duk litar fetur ɗaya da mota ta ƙona tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kuwa takan kai kusan kilo 2.7. Idan aka haɗa na duniya baki ɗaya, sufuri ne yake fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ake samu daga ƙona makamashi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan kaso daga ababen hawan da ke bin titi yake fitowa. Wannan iska ce take taruwa a sararin samaniya tana riƙe zafi, har a wayi gari damina ta rikice, fari ya tsananta a wani wuri, ambaliya ta cinye wani. Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cutar da take kusa da hancinmu. Tun a shekarar 2012 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, kuma ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 4.2 a shekarar 2019, wadda hayaƙin ababen hawa yake cikin manyan tushenta a birane. Wanda ya fi shaƙar wannan hayaƙi kuwa sau da yawa ba shi da motar: mai tafiya a ƙafa ne, da mai sana'a a bakin titi, da yaron da tsayinsa bai wuce bakin salansar mota ba sosai.

A 'yan shekarun nan, da zarar an ɗauko wannan zance sai a ce ai motoci masu amfani da lantarki sun kawo ƙarshensa. Ba na musun amfaninsu, domin ba su da hayaƙi a kan titi, kuma a tsawon rayuwarsu sukan fi masu shan fetur sauƙin illa. Sai dai tsabtarsu ta dogara ne a kan inda wutar ta fito, don idan da kwal ake samar da ita, to an ɗauke wani ɓangare na hayaƙin ne daga titi aka mayar da shi tashar wuta. Batirinsu kuma yana buƙatar ma'adinai irin su kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da duniya take haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, a cikin yanayin aiki da aka daɗe ana kuka da shi. Ban da haka, mota mai lantarki da ta ɗauki mutum ɗaya tana cin fili a kan titi daidai da mai shan fetur, cunkoso yana nan yadda yake, ƙurar taya ma ba ta daina tashi ba. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Akwai wani gefen kuma da ba a cika faɗa ba. Motocin da ƙasashe masu arziki suke yarwa ba ɓacewa suke yi ba. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kaso mafi girma kuma Afirka ya nufa, da yawansu ba su cika ƙa'idar hayaƙi ba. A ganina bai dace wata ƙasa ta tsabtace iskarta ta hanyar tura wa wata abin da ta haramta wa kanta ba.

Hanyar da ta fi inganci, a nawa ra'ayin, ita ce a rage yawan motocin da ake buƙata tun farko. Bas guda tana iya ɗaukar mutanen da za su cika ƙananan motoci masu yawa, jirgin ƙasa kuwa ya ninka ta. Birnin Kuritiba na Burazil ya keɓe wa manyan bas-bas hanyarsu ta musamman tun a 1974, Bogota ta Kolombiya ta bi sahu a 2000, Legas ta fara nata a 2008, Adis Ababa kuma ta buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a 2015. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da dukkan bas-bas ɗinsa, sama da 16,000, masu amfani da lantarki a ƙarshen 2017, kuma a kan bas ne lantarki ya fi biyan kuɗinsa, tunda batir ɗaya yana yi wa ɗaruruwan mutane hidima a rana.

Misalin ƙasar Holan ya cancanci a tsaya a kansa. Mutane da yawa suna zaton hawan keke ɗabi'a ce da 'yan ƙasar suka gada kawai, alhali kuwa bayan yaƙin duniya na biyu motoci sun mamaye biranensu kamar ko'ina. A 1971 haɗurran titi sun kashe mutane sama da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito suka matsa wa hukuma lamba, sannan ƙarancin mai na 1973 ya zo ya ƙara musu hujja, aka shiga gina hanyoyin keke da aka raba su da na motoci. A yau kusan tafiya ɗaya cikin huɗu a ƙasar a kan keke ake yinta. Babu uban da zai bar ɗansa ya hau keke a tsakiyar manyan motoci don kawai an yi masa wa'azin kare muhalli, amma idan aka gina hanya mai aminci, da kansa zai saya masa.

Shi ya sa nake ganin nauyin ya fi rataya a wuyan hukumomi. Faɗaɗa titi kaɗai ba ya magance cunkoso, domin sabon fili sababbin motoci yake jawowa, kamar yadda aka gani a birnin Houston na Amurka bayan gagarumin faɗaɗa babbar hanyar Katy da aka kammala a 2008. Ina kira ga masu tsara birane da su sanya hanyar ƙafa mai inuwar bishiyoyi da ta keke a cikin kowace kwangilar titi, su keɓe wa bas hanyarta, su kafa ƙa'ida mai tsauri kan hayaƙin motocin da ake shigowa da su da ingancin man da ake sayarwa, su kuma mayar da jigilar kaya masu nauyi kan jirgin ƙasa. Mai mota kuma yana da nasa rabon: ya riƙa gyara injinsa a kan lokaci, ya kashe shi idan tsayuwa ta yi tsawo, ya ɗauki abokan tafiya idan hanyarsu ɗaya ce.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatun jaridarka