Rahoton Ayyukan Shekara na Zumuntar Masu Bishara: Sashen Aikin Gayya

'Yan'uwa cikin Almasihu, dattawa, iyayenmu mata da matasa, muna gaishe ku. Ga bayanin abin da sashen aikin gayya ya gudanar bana a ƙauyukan da masu bishararmu suke zaune a jihar Maraɗi. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta nasa daban.

Da rani muka fara da yasar rijiyoyi. Maigari ne yake sa rana, matasan gari su shiga rami, namu su ja guga su kwashe laka, wani lokaci a yi musanya. Daga nan muka koma kan ɗakunan gwauraye da tsofaffi waɗanda damina ta ci bangonsu: kwaɓa ƙasa, buga tubali, yaɓe, da sauya azarar da gara ta cinye. Ba mu tambayi addinin mai ɗaki ba, kuma a wurare da dama liman da kansa ya nuna mana gidan da ya fi bukata. Zumuntar mata ta ɗauki ɗiban ruwa da abincin ma'aikata, Allah ya sāka musu.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu, kuma kwamiti yake ganin ya fi amfani, shi ne sassaben zamani, wato renon tsirran da ke fitowa daga kututturan itatuwa a gona maimakon a sare su duka. Ga sababbin membobi: a ƙasar nan aka raya wannan dabara. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da mishan ɗin SIM a Maraɗi, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa a gona kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na can ƙasa da ƙarfinta. Yunwar 1984 ta sa manoma da yawa suka gwada, domin a lokacin ana ba da abinci a madadin aiki. Yau ana ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Abin ba ya bukatar sayen iri ko ban ruwa, adda mai kaifi kawai da haƙuri. Ka tsaya kan kututturen kalgo ko sabara, ka zaɓi rassan da suka fi miƙewa, kada su wuce biyar, ka sare sauran. Sara daga ƙasa zuwa sama ake yi, don kada ɓawo ya yage. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassa har rabin tsayi. Gawo kuwa ba ya bukatar dogon lallashi, manomi ya san yana kaɗe ganye da damina, bai tare wa gero rana ba, kuma ƙarƙashinsa ne hatsi ya fi kyau. Wahalar tana zuwa bayan mun tashi: awaki, da masu neman itacen girki da dare. Inda maigari ya kafa doka tare da makiyaya, tsirran sun kai. Inda muka yi aiki muka tafi ba wanda aka ɗora wa tsaro, an aske su tas.

Akwai ƙorafin da ya taso a taron tsakiyar shekara, cewa an tura mutane wa'azi sun koma 'yan kwaɓa. Kwamiti ya saurara, amma bai karɓa ba. Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Kuma masu bishararmu sun shaida cewa gidajen da a da sallama kawai ake amsa musu daga zaure, yanzu har bikin suna da jana'iza ana aiko musu.

Gyaran hanyar da zaizaya ta yanke bai yiwu ba. Buhunan yashin da muka jera ruwan farko ya tafi da su, wurin kwalbati yake so, kuma mun kai maganar ga magajin gari.

Baɗi za mu rage yawan ƙauyuka mu riƙa komawa inda muka fara. Muna roƙon kowace ikilisiya ta ba da matasa bayan girbi, kowa da addarsa da fartanyarsa. Baro da shebur sun yi mana ƙaranci, mai iya ba da aro ya ga sakatare bayan sujada.

Sakataren sashen aikin gayya, a madadin kwamiti