Wasiƙa zuwa ga 'yata kan maimaita kwas kafin neman makarantar likita a Amurka

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ga sakamakonki: C- a oganik kemistiri, C a fiziks. Kin ce za ki maimaita duka biyun. Shawarata, ki maimaita na farko, ki bar na biyu.

Jami'arki tana iya share tsohon maki ta sa sabo a lissafinta, amma wannan dokar gida ce, ba ta wuce ƙofar jami'ar. AMCAS, wadda ta hanyarta ake neman yawancin makarantun da ke ba da digirin likita na MD, tana sake lissafin GPA, wato matsakaicin makinki, da kanta, kuma tana haɗa zama na farko da na biyu. AACOMAS, takwararta ta makarantun da ke ba da DO, wani nau'in digirin likita, ta taɓa yarda sabon maki ya maye gurbin tsoho, amma ta daina tun 2017. Duk wanda ya ce miki har yanzu ana yi, tsohon labari yake ba ki.

Ga lissafin. A ce kina da kiredit 40 na kimiyya, wato bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi, waɗanda ake ware musu GPA na daban, kuma kina kan 3.40. Jimillar makinki 136 ke nan. Idan kika maimaita kwas mai kiredit 4 kika ci A, wanda yake maki 4 a kowane kiredit, an ƙara 16: 152 a raba da 44, ya ba da 3.45. To, da sabon kwas kika ɗauka, kamar bayokemistiri, kika ci A, wannan 3.45 ɗin za ki samu daidai, ga shi kuma kin nuna kina iya abin da ya fi wuya, kin kuma rage wa kanki aikin MCAT, jarrabawar shiga makarantar likita. Shi ya sa maimaita C a fiziks ɓarnar kuɗi ne da zango.

Oganik kuwa dole ne, domin makarantu da yawa ba sa karɓar ƙasa da C a kwasan da suka sharɗanta, kuma C- yana ƙasa. Amma kada ki shiga sai kin gano abin da ya kayar da ke. Yawanci haddace sauye-sauyen sinadarai ake yi maimakon bin yadda elektiron ke tafiya mataki-mataki. Ki rage nauyin zangon, ki riƙa warware tambayoyi da biro kullum, ki je ofishin malami tun makon farko. Wanda ya ga darasi sau biyu, A ake jira daga gare shi. B zai cika sharaɗi amma ba zai burge kowa ba. In da hali ki maimaita a jami'arki, don wasu makarantu suna ɗaga gira idan suka ga an gudu zuwa kwalejin shekara biyu da kwas mai wuya.

Idan tafiya ta fara karkacewa, ki duba ranar ƙarshe ta janyewa. W, alamar janyewa daga kwas, ba ya shiga GPA, ko da yake yana fitowa a takardar sakamako.

Lokacin cike fom, ki rubuta zaman biyu duka, ki aika takardar sakamako daga kowace makaranta da kika taɓa ɗaukar kwas. Ana gwada fom da takardun layi-layi, kuma ɓoye maki yana iya jawo bincike. Kafin rajista, ki buɗe shafin kowace makarantar da kike so ki tabbatar tana ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje, domin ba duka ba ne.

Mamanki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Babanki