Dalilin da ya sa jiga-jigan Conservative ke alfahari da 'ya'yan baƙi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan abin da ke ɗaure wa masu bibiyar siyasar Birtaniya kai, wato yadda jam'iyyar Conservative, wadda aka sani da tsaurara wa baƙi, ta ɗora Rishi Sunak, ɗan asalin Indiya, a kujerar firaminista a 2022, sannan a 2024 ta miƙa ragamarta ga Kemi Badenoch, wadda ta tashi a Legas.

Aƙidar jiga-jigan jam'iyyar ita ce kowa ya ci guminsa, gwamnati kuma ta rage tsoma baki a harkar dukiya. Saboda haka mutum irin Sajid Javid, ɗan direban bas ɗan asalin Pakistan, wanda ya yi fice a aikin banki har ya zama ministan cikin gida a 2018, hujja ce mai tsada a hannunsu, domin duk ranar da aka ce tsarin ƙasar yana danne Musulmi da baƙar fata, shi za su nuna. Tun a 2006 David Cameron, shugaban jam'iyyar na lokacin, ya fito da jerin 'yan takara na musamman don jawo mata da 'yan tsiraru.

Masu ra'ayin riƙau da ke tara jama'a da ƙyamar baƙi kuwa asali suke dubawa, kuma ɗaukakar ɗan baƙo a wurinsu alama ce ta cewa ana ƙwace musu ƙasa. A Amurka, a 2024, marubuciya mai ra'ayin riƙau Ann Coulter ta faɗa wa Vivek Ramaswamy, wanda ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, a gaban idonsa cewa ta yarda da yawancin ra'ayoyinsa, amma ba za ta zaɓe shi ba saboda shi Ba'indiye ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin da ake biya kafin a sami wannan yabo na manya. Sau da yawa sai mutum ya nesanta kansa da inda ya fito. A Disambar 2024, bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ce in Badenoch ta ga dama ta cire Kemi daga sunanta, saboda sukar da take yi wa Najeriya, sai ta ce ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har ta alaƙanta mu da Boko Haram, alhali mu ne muka fi kowa binne gawarwaki sanadiyyar wannan ƙungiya.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya