Kada a jefar da tsofaffin laftop saboda Windows 11

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, da yamma kuma ina da ɗan shago inda nake buga wa mutane katin biki, takardar cinikin gona da cike wa yara fom. Jarina kaf laftop biyu ne 'yan gwanjo, firinta ɗaya, sai sola a kan kwano.

Tun da aka daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 ake ta tsorata mu wai dole sai sabuwar kwamfuta, don Windows 11 tana neman wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0 wanda nawa ko a mafarki ba su taɓa jin sunansa ba. To da wane kuɗin? Mu da kuɗin taki ma sai an yi da gaske.

Ƙanina da ke karatu a Dutse shi ya zo hutu da filash, ya ce Yaya ga Linux ka gwada, ita ma tana tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kyauta ce, ba ruwanka da kuɗin lasisi. Ashe ba abu ɗaya ba ce, dangi ne guda. Wani ɗalibi a Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara ta a 1991 ya saki irin, kowa ya ɗiba ya shuka a gonarsa, hatta Android ɗin da ke aljihunmu daga wannan irin ta tsiro.

Da Ubuntu na fara, wadda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fitar a 2004. Kyau kam tana da shi, amma a laftop mai RAM 4GB sai nishi take sa ta kamar jakin da aka labta wa buhu uku, ga fayil ɗin da ake saukewa na fitowarta ta 24.04 ya kusa 6GB, mu kuma nan sai ka fito bakin titi kafin sabis ya kawo. Na koma Fedora don na ji ana yabon ta, ita kuma duk wata shida sai sabuwa ta fito, kowacce kusan wata 13 ake kula da ita, kullum sai ta ce a sauke gyara, data ta mako ta tafi a kwana biyu. Ga mai wifi a birni ba laifi, ga ni dai ba ta yi ba. Debian dattijuwa ce tun 1993, ba ta rawar kai, ita ta haifi Ubuntu, Ubuntu ta haifi Linux Mint, kaka da 'ya da jika ke nan, sai dai saka ta yana buƙatar wanda hannunsa ya faɗa.

A wajen wannan yawon ne na yi wa kaina ɓarna. Ina saurin saka Debian na danna a goge faifan gaba ɗaya, takardun mutane na shekara biyu suka bi ruwa, har da ta gadon wani gida da sai da na bi su har tsakar gida da ban haƙuri muka sake rubutawa. Ba wanda zan ɗora wa, gaggawata ce. Ashe kusan dukkansu za ka iya kunna su daga filash ka gwada firinta da sauti ba tare da ka taɓa komai ba, kuma in ka ware wa /home, wato ma'ajiyar takardunka, ɓangarenta daban a faifai, ko ka canza sau goma kayanka na nan, in dai ba ka ce a goge shi ba. Duk da haka yanzu ban motsa sai na kwafe komai a wani faifan.

Yanzu Mint mai Xfce, wato mai fuska mara nauyi, nake kai, kuma na zauna ke nan. Fuskarta kamar ta Windows, yaron shagona kwana ɗaya ya gane ta, ana kula da ita shekara biyar, ga allon rubutu na Hausa a ciki, shi ya sa ka ga ƙ da ɗ da ɓ ɗina duk da lanƙwasarsu. Ba zan ɓoye ba, CorelDraw da nake zana kati da ita ba ta hawa kai, Inkscape da ke madadinta kuma har yau hannuna bai saba ba, LibreOffice da ke madadin Word ma wani lokacin in aka buɗe takardarta a Word layi ya ɗan goce, sai dai in mayar da ita PDF. Don haka laftop ɗaya na bar mata Windows, na hana ta intanet, katin biki kawai take yi.

Roƙona ga hedimastoci da shugabannin makarantun da ke da tsofaffin kwamfutoci a kulle a sito ƙura na cin su, a buɗe a gwada masu Mint ko Lubuntu, wato Ubuntu mara nauyi, kafin a kira 'yan jari bola. Filash ɗina na nan, duk wanda ke kusa ya turo yaro ranar kasuwa in kwafa masa.

Naka,
Wani malamin firamare daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa