Tambayoyin da suka kamata mu yi wa mai neman aiki a shagunanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana masu ƙananan sana'o'i a Jihar Kebbi, musamman masu shagunan kayan masarufi da rumfunan POS da injinan casar shinkafa, a kan irin tambayoyin da muke yi wa mutum kafin mu ɗauke shi aiki.

Abin da aka saba, daga Birnin Kebbi har Jega, shi ne a tambayi yaro ɗan gidan wa ne, a tambaye shi wa ya turo shi, sannan a ce masa yana da amana, da zarar ya amsa kuma sai a miƙa masa makulli. Sanin asalin mutum yana da amfaninsa, amma ban taɓa jin wanda aka tambaya ko yana da amana ya ce ba shi da ita ba. A aya ta 26 cikin Suratul Ƙasas an siffanta mafi alherin wanda za a ɗauka aiki da abu biyu, ƙarfi da amana, kuma dukansu ana iya gwada su idan tambayar ta sa mutum ya nuna abin da zai aikata a ranar da ciniki ya rikice.

Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, kaso mai yawa na cinikinmu ya koma ta taransifa, saboda haka tambayar da na fi ba muhimmanci ita ce wannan: wani dattijo da ake girmamawa a unguwa ya sayi kaya, ya nuna maka wayarsa cewa kuɗi sun fita, alat bai shigo ba, magariba ta gabato, maigida kuma ba ya nan, yaya za ka yi? Wanda ya ce zai saki kayan saboda kunya, wata rana zai sake su ga ɗan damfara mai rasit na bogi. Wanda ya ce zai hana ba tare da lallashi ba, zai kore mana abokan ciniki. Wanda ake nema shi ne mai cewa, "Baba, a yi haƙuri a zauna, bari in duba asusun," ya ajiye kayan a gefe, ya kira maigida. Daga nan sai a ƙara masa da ta biyu, wato abin da zai ce idan yayansa uwa ɗaya uba ɗaya ya zo neman bashi a shagon, domin nan ne jarin mutane da yawa yake zurarewa.

Lissafi kuwa ba a tambayarsa da baki. A ce masa, a misali, an auni mudu 7 a kan naira 2,300 kowane, an ba shi naira 20,000, sai a zuba ido a ga ko zai dawo da canjin naira 3,900, kuma a ga yadda zai rubuta cinikin a littafi. Mai neman aikin inji a damƙa masa shanshera a hannu, a tambaye shi ko ta bushe yadda za ta shiga casa ba ta kakkarye ba.

Akwai tambayar da ta shafe mu a nan fiye da mutanen manyan birane, ita ce ko yana da gona, kuma wa yake kula masa da ita. A ƙasar da ake noman shinkafa damina da rani, kamar Argungu da Suru, ba laifi ba ne matashi ya so tafiya lokacin dashe ko yanka, laifin shi ne a wayi gari shago a rufe ba tare da sanarwa ba. Idan an yi maganar tun farko, sai a tsara ranakun. Haka nan a tambaye shi inda ya yi aiki a baya, da dalilin barinsa, da ko ya yarda a tuntuɓi tsohon maigidansa, a kuma ga wanda zai tsaya masa ido da ido, a rubuta lambar NIN ta kowannensu.

Sai dai mu ma akwai tambayar da ke kanmu. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki. Saboda haka kafin a tashi daga zaman, a tambaye shi nawa yake tsammanin za a biya shi, a faɗa masa abin da za a iya, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asara idan kuɗi suka yi giɓi, a rubuta a gaban mai tsaya masa, kowa ya sa hannu.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Jega, Jihar Kebbi